Me Ɗa Yake Gada: Sana'a Ko Niyya?

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Sai dai ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu abin da ake gadon ba. Shin sana'ar ce kawai da sunan gida, ko kuwa har da niyyar da ta sa uban ya kafa ta? Rayuwar John Mason Cook, Baturen Ingila wanda ya shugabanci kamfanin shirya tafiye-tafiye na gidansu, ta isa abin nazari a nan.

Mahaifinsa, Thomas Cook, mai wa'azin Kirista ne, kuma babban maƙiyin giya. A 1841 ya shirya wa mutane wajen 500 tafiya a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough, a kan sule ɗaya kowanne, domin halartar taron yaƙi da shan barasa. A wurinsa tafiya hanya ce ta gyara halin talaka da buɗe masa ido. Shi kuwa ɗan, ɗan kasuwa ne tsantsa, mai tsananin lissafi. Saɓani ya yi tsamari a tsakaninsu, har uban ya tsame hannunsa a ƙarshen 1878.

Daga nan kamfanin ya ƙara bunƙasa. A 1884 gwamnatin Ingila ta ba John aikin jigilar sojoji da kayansu ta Kogin Nilu, a yunƙurinta na ceto Janar Gordon daga mutanen Mahadi a Khartum. Bayan shekara biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya ta danƙa masa jigilar alhazai zuwa Jidda, aikin da ya kai har 1893. Watau hannun da ya kai soja yaƙar Musulmin Sudan, shi ne ya ɗora alhaji a kan hanyar Makka. A idon John, duk fasinja ne.

Wani zai ce ya ci amanar ubansa. Amma a yi masa adalci: kyakkyawar niyya ba ta biyan albashin ma'aikata, kuma da ya bi tafarkin tsohon, mai yiwuwa da kamfanin ya bi shi kabari a 1892. Duk da haka, mu dai muna ganin akwai abin da ya salwanta. Uban yakan dubi dalilin tafiya kafin kuɗinta. Ɗan ya daina duban, jikoki kuma suka sayar da kamfanin a 1928. Sunan Thomas Cook ya ci gaba da zama a jikin jiragen sama har kamfanin ya durƙushe a 2019, alhali ana sayar wa fasinjoji giya a cikinsu.