KAFIN KA HAU JIRGI, KA WAIWAYI MASU BIN KA BASHI



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa masu daraja, a 'yan shekarun nan fita ƙasar waje ta zama ruwan dare a tsakanin matasanmu. Wannan ya samu gurbin karatu a Malesiya, waccan ta samu aikin jinya a Ingila, wancan kuma tuƙi ko tsaron shago a Saudiyya ko Dubai. Neman ilimi da neman halali ba laifi ba ne, Allah Ya sa albarka.

Sai dai masu tafiyar suna yawan tambayar hukuncin kasaru, da yadda ake sallah a jirgi, da naman da ake sayarwa a kantunan Turai. Da wuya ka ji wanda ya ce: "Malam, ana bi na bashi, ya halatta in tafi?" Alhali biza ta fito, an yanki tikiti, an ɗaure akwati, ga kuma takardar gargaɗi daga banki ko ƙungiyar ma'aikata a cikin aljihu, ko saƙon mai kuɗi a waya an ƙi buɗewa. Dabarar da ke ran mutum ita ce ya cire layinsa a filin jirgi, shi ke nan magana ta mutu. To wallahi ba ta mutu ba.

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ci bashi, har ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Abin tsoro shi ne gudu da haƙƙin mutane.

Ku dubi hijira. Ƙuraishawa sun haɗa kai za su kashe Annabi (SAW), sun kewaye gidansa, shi kuma a hannunsa akwai ajiyar mutanen Makka, waɗanda da yawansu ba su yi imani da shi ba. Da akwai matafiyin da yake da uzurin barin gari bai waiwayi kowa ba, da shi ne. Amma malaman sira sun kawo cewa ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a Makka, ya yi kwana uku yana mayar wa kowa kayansa, sannan ya same shi a Ƙuba. Ɗan'uwa, kai da ba wanda yake farautar ranka, da biki ma aka raka ka, wane uzuri ne gare ka?

Imamul Bukhari ya ruwaito labarin wani mutum daga Bani Isra'ila da ya ranci dinari 1,000 ya tsallaka teku fatauci, ba shaida ba mai lamuni sai Allah. Wa'adi ya cika, ya nemi jirgin komawa ya rasa. Sai ya fafe wani gungume, ya zuba kuɗin da wasiƙa a ciki, ya toshe, ya jefa a teku yana mai miƙa lamarin ga Allah. Mai kuɗin ya fito duba jirgi, ya tsinci icen ya kai gida don makamashi, da ya faskara sai ga dukiyarsa. Duk da haka, da mutumin ya samu jirgi sai ya sake ɗauko wani dinari 1,000 ya kawo, domin bai da tabbacin na farko ya isa. Wannan teku ce ta shiga tsakaninsu. Mu kuwa yau daga Landan zuwa Kano kuɗi ba ya wuce 'yan mintuna a waya.

Malaman fiƙihu ba su bar mas'alar a matsayin wa'azi kawai ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil da sharhohinsa, mai bin bashi yana da haƙƙin hana wanda yake bi yin tafiya idan wa'adin biya zai cika alhali ba ya nan, sai fa in ya naɗa wakilin da zai biya ko ya kawo mai lamuni mai hali. Ka ga ke nan tafiyar da ka ɓoye wa mai kuɗi don kada ya tare ka, ka tauye masa wani haƙƙi ne da shari'a ta ba shi.

Nauyin bashi kuwa ba wasa ba ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa shahidi ana yafe masa komai ban da bashi. An taɓa kawo gawa gaban Annabi (SAW), da ya ji ana bin mamacin 'yan dinarai kuma bai bar abin biya ba, sai ya umarci sahabbai su yi masa sallah, shi ya janye, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Shi matafiyi bai san ƙasar da zai cika ba. Sau nawa aka binne ɗan'uwanmu a can, iyalinsa a nan ba su san ko sisi nawa ake bin sa ba?

To mene ne abin yi? Ga shi a jere:

1. Ka buɗe takardar, ka karanta, ka amsa. Takardar gargaɗi tana nufin har yanzu ƙofar magana a buɗe take. Ka je da ƙafarka, ka nemi a rubuta maka nawa ne asalin kuɗin, nawa aka ƙara, nawa ka riga ka biya. In akwai kuskure a lissafi, yanzu ne lokacin gyara, tun kana gari.

2. Ka zauna da biro da takarda ka lissafa kowa. Ba banki kaɗai ba. Akwai mai kantin unguwa, da tela, da ragowar kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da kuɗin wuta da ya taru a mitar gidan da za ka bari, da zubin adashen da ka riga ka kwashe, da cikon sadakin matarka, da kuɗin ƙanwarka da ka karɓa don cika na biza. Ƙananan nan su aka fi mantawa, kuma masu su su ne kunya take hana su tambaya.

3. Abin da wa'adinsa ya cika kuma kana da halin biya, ka biya kafin ka saya wa kanka sabuwar waya da kayan sanyi. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci ne. In akwai mota ko fili ko babur da za ka bari a ajiye, ka sayar ka sauke nauyi.

4. Abin da ba ka iya biya yanzu, ka fuskanci mai shi ka gaya masa gaskiya: zan tafi rana kaza, zan riƙa turo kaza duk wata. A rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Ka ba shi sabuwar lambarka da zarar ka sauka.

5. Ka naɗa wakili amintacce, ka bar wasiyya a rubuce. Zubairu ɗan Awwam (RA), ranar yaƙin Jamal, ya kira ɗansa Abdullahi, babbar damuwarsa ita ce bashin da ke kansa. Da aka lissafa sai aka samu miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya sayar da kadarori ya biya, sannan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa.

6. Ka tuna da wanda ya tsaya maka. Kawunka ko abokin aikinka da ya sa hannu a matsayin mai lamuni, a shari'a da doka duka shi za a kama in ka ɓace. Kana can kana ɗora hoto cikin dusar ƙanƙara, ana nan ana yankar albashin dattijo mai 'ya'ya takwas. Haba ɗan'uwa, da me za ka kare kanka gobe?

Wani zai ce: "Ai bashin banki ne, na riba ne, kuma ba kuɗin mutum ɗaya ba ne." Shiga yarjejeniyar riba saɓo ne babba da yake buƙatar tuba ta gaskiya. Amma Alƙur'ani, a aya ta 279 cikin Baƙara, ya tabbatar wa mai ba da rance asalin dukiyarsa. Saɓon da ka yi wajen karɓa bai halatta maka cinye uwar kuɗin ba. Ka nemi zama da su a kan su sauke ruwan ko su rage, ka gaggauta rufe asusun kafin ya ƙara hauhawa, in akwai sarƙaƙiya ka kai takardunka gaban malami masani ya duba halin da kake ciki. Haka nan rancen gwamnati: dukiyar jama'a ce, masu haƙƙi a cikinta ba su ƙirguwa.

Ko ta fuskar duniya ma gudun ba ya fisshe ka. A Najeriya, tun watan Agustan 2020 Babban Bankin ƙasa ya fara aiki da tsarin GSI, wanda yake ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wasu bankunan ta hanyar lambar BVN. Sunanka kuma yana shiga kundin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Za ka dawo wata rana, ka tarar maganar tana jiran ka.

Akwai kuma wata cutar da jinkiri ke yi wadda ba a lura da ita. Wanda ya ba ka Naira dubu 500 a farkon 2023, lokacin da dala a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, ka zo ka mayar masa bayan dala ta haura 1,400, adadi dai ya cika, amma ka san abin da zai saya da su ya ragu ƙwarai. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tafi a kan cewa bashi ana biyan sa ne da adadin da aka karɓa. Wannan shi ne wajibi. Amma Annabi (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, kuma ya yabi masu kyautata biya. Kai da kake karɓar fam ko riyal, in ka ƙara wa mai kuɗi wani abu don ra'in kanka, ba tare da an sharɗanta tun farko ba, ka bi sunna.

Ku kuma masu bin bashi, ku ji tsoron Allah. Aya ta 280 ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. In yaro ya zo da gaskiyarsa, tafiyar nan ita ce hanyar da zai samu ya biya ku, ku karɓi rubutu da wakili ku sake shi. Tozarta mutum a Facebook, ko tura saƙon ɓatanci ga duk lambobin wayarsa kamar yadda wasu manhajojin ba da rance suke yi, zalunci ne mai zaman kansa.

Wanda kuma ya riga ya tafi da haƙƙin wani, ƙofa ba ta rufe ba. Ka ɗauki waya yau ka kira, ka nemi afuwa, ka fara da abin da ya sauwaƙa. In mai kuɗin ya rasu, magadansa ne masu haƙƙi. In ka yi iya bincikenka ba ka same shi ko magadansa ba, malamai sun ce ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi, in ya bayyana daga baya ka ba shi zaɓi. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa da niyyar salwantarwa Allah zai salwantar da shi. Ranar ƙiyama ba Naira ba dala, da lada ake biya, in lada ya ƙare a kwaso zunuban masu haƙƙi a ɗora wa mutum.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya wadatar da mu da halali, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa mu cika ba haƙƙin kowa a wuyanmu.

Wallahu a'alam.