Alhakin Mai Isar da Tambaya

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2018, sa'ad da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari a kan saye da sayarwa, babu wani kamfani a Dubai da cinikinsa ya kai nisabin rajista, kama daga manyan rumbunan Jabal Ali har zuwa ƙananan ofisoshin aika kaya na Deira inda fataken Kano ke auna yadi da turare, face ya wajaba a kansa ya fitar da lissafinsa a kan kari, galibi duk wata uku. Lissafin nan kuwa ta hannu uku yake bi. Akwai rumbun bayanai, wanda ke tsare da kowane rasit. Akwai rahoto, wanda aka tsara tun da farko da Crystal Reports ko makamancinsa, aka bar masa gurabe na daga yaushe, zuwa yaushe, da sunan wa. Akwai kuma manhajar da akawu ke gani a gabansa. Tsakanin manhaja da rahoto akwai wasu 'yan layukan umarni, waɗanda ba su da wani aiki illa su karɓi abin da akawu ya rubuta su zuba shi a guraben nan, kuma a kansu mas'alarmu take: idan rahoto ya fito hisabinsa daidai, alhali ba abin da aka nufa ya amsa ba, wa ke ɗauke da alhaki?

A ƙaddara wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya tsaya gaban tebur ya ce, "Malam, don Allah cire mini lissafina daga uku ga watan huɗu zuwa yau." Akawu ya ce, "To, Alhaji, yanzun nan," ya buga 3/4 bisa al'adar Dubai ta gabatar da rana kafin wata. In mai rubuta manhaja ya aika da wannan a matsayin rubutu zalla, bai bayyana cewa kwanan wata ne mai rana kaza da wata kaza ba, aka kuma yi rashin sa'a na'urar da ke karɓa an saita ta bisa al'adar Amurka, to 4 ga Maris za ta karanta, ta haɗo wa bawan Allah kuɗin dakon wata guda da ya riga ya biya. Abin lura game da wannan aibi shi ne, in ranar ta haura 12 na'ura kan ƙi karɓa, tunda babu wata na 13, asiri ya tonu. A kwanaki 12 na farkon wata ne kaɗai take karɓa ba musu. Haka nan Dubai na gaban Kano da sa'a 3, saboda haka kuɗin da aka tura ƙarfe 10 na dare ran 30 ga Afrilu a Kano, ƙarfe 1 na daren 1 ga Mayu ya shiga a Dubai, kuma tilas wani ya yanke wane wata zai faɗa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa fatawa a kan ma'aunin tambaya take fita, shi ya sa ba su rubuta amsa tsirara. Amsoshin da Shehu Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songhai a ƙarshen ƙarni na 15 sun iso mana ne kowacce da tambayarta a gabanta. Ya kuma tabbata a hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa yana hukunci ne bisa abin da ya ji, kuma hukuncin ba ya halatta wa mutum haƙƙin ɗan'uwansa. Saboda haka ba na ganin laifin rahoto, domin ya yi hukunci da abin da ya ji; amma tsabtar takardar da kyan jadawalinta ba su mayar da kuɗin halal ba.

Alhaki, a ra'ayina, yana kan mai isarwa, kuma tun da layukan umarni ba mukallafai ba ne, sai ya koma kan wanda ya rubuta su. Ma'abota ilimin hadisi sun sharɗanta wa mai ruwaya abu biyu, adalci da kiyayewa, suka ƙi ruwayar salihin da ke rikita abin da ya ji, duk da ba su tuhume shi da ƙarya ba. Da wuya a sami mai rubuta manhaja da ya yi nufin ha'inci, amma kiyayewa ita ce ke ƙaranci. Mafi kusa da lamarinmu shi ne abin da suke kira idraji, wato maganar mai ruwaya ta kutsa cikin matani har a kasa rarrabewa, illar da Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, ya keɓe mata littafi guda. Mai gaggawa yakan manna abin da akawu ya rubuta kai tsaye cikin jimlar umarnin da za a aika wa rumbu, alhali a harshen SQL ɗan waƙafin sama shi ne alamar ƙarshen rubutu. Da zarar an nemi lissafin Sa'idu ko Mu'azu, sai umarni ya karye a tsakiyar sunan. Wannan ma da sauƙi, domin ta ƙofar nan ce mugu ke shigar da umarninsa a rigar suna ya kwashe sirrin jama'a, ɓarnar da aka bayyana ta a rubuce tun 1998, aka kuwa san maganinta: a aika da umarni dabam da gurabensa, a aika da ƙimomi dabam, kowace da bayanin nau'inta, ta yadda suna ba zai taɓa zama umarni ba.

Wani zai ce kuskure abin yafewa ne, kuma akawu da Alhaji su ma suna da idanu. Gaskiya ne an ɗauke zunubi daga mai kuskure, sai dai fuƙaha'u ba su ɗauke masa lamunin dukiyar mutane da ya salwantar ba. Game da idanu kuwa, ba a tuhumar mutum da rashin ganin abin da ba a nuna masa ba, kuma da yawa daga takardun nan jimla kawai suke bugawa, an share sharuɗɗan don shafi ya yi kyau. Abin da ya kamaci mai rubuta manhaja shi ne ya sa rahoto ya maimaita a samansa kowace ƙima kamar yadda ya fahimce ta, sunan wata da haruffa, agogon da aka bi, da abin da aka yi da gurbin da akawu ya bari fanko, ko an ɗauke shi da ma'anar dukkan rassa ko an ƙi amsawa. Sa'an nan ne kawai za a iya raba alhakin da mai karantawa, domin wanda aka rubuta masa 4 ga Maris ɓaro-ɓaro ya sa hannu, ya shiga cikin lamunin shi ma.