Sanin Tsohon Inji da Haƙƙin Wanda Bai Sani Ba

A Ingila da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu bayan tashi daga aiki ita ce sassaƙa ƙarfe a ɗan ɗakin bayan gida. Suna ƙera ƙananan injuna da kusoshi da sassan agogo, ba don neman abinci ba. Jigon wannan sha'awa shi ne injin sassaƙa ƙarfe, wanda ke damƙe sandar ƙarfe yana juya ta, wuƙa tana fere ta. Yawancinsu tsoho suke nema. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar da cinikin yake tayarwa: idan mai saye ya fi mai sayarwa sanin kayan, me ya wajaba ya faɗa?

Gane irin wannan inji ilimi ne. Kamfanin Myford na Beeston, kusa da Nottingham, ya fito da samfurin ML7 a 1946, daga baya ya fito da Super 7 wanda ya fi shi daraja. Wanda bai sani ba zai ɗauka duk ɗaya ne. Kamfanin South Bend, wanda aka kafa a jihar Indiyana a 1906, ya yi wani ƙarami mai inci 9 da ya karɓu har Boxford a Ingila da Hercus a Ostareliya suka kwaikwaye shi. Idan farantin suna ya ɓace, masani yakan leƙa ƙarshen gadon injin ta hannun dama, inda South Bend ke buga lamba, ya gano shekarunsa. Ya san gadon ya fi cinyewa kusa da kai, domin nan ake yawan aiki. Sai ya ɗan ɗaure keken wuƙa a wurin, ya tura shi zuwa wutsiya. Idan ya cije a hanya, gado ya ci. Ya san sabon fenti ba ya nuna lafiya. Ya kuma san cewa akwatin tarkacen da ke gefe, mai giyoyin yanka zare da bakunan damƙa, wani lokaci ya kai injin kansa kuɗi.

To, su wa ke sayarwa? Sau da yawa magada ne. Mai injin ya rasu, matarsa ko 'ya'yansa suna son a kwashe musu wannan nauyi. Sai masani ya zo, kallo ɗaya ya gane Super 7 ne da kayansa cif, su kuwa kuɗin tsohon ƙarfe suke tunani.

Masu cewa ya yi shiru ya saya suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Shekaru ya yi yana koyo, ilimin nasa ne. Shi zai ɗauki kasada, domin wani aibin sai an kai gida yake fitowa. Bai yi ƙarya ba, bai tilasta kowa ba, kuma da bai zo ba wataƙila injin ya ƙare a wurin masu narka ƙarfe.

Duk da haka ina ganin hujjar ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Ciniki da dillalin injuna daban yake. Shi ma ɗan kasuwa ne, yana da ido, yana da hanyar bincike. Idan ka fi shi gani, ribar wahalarka ce. Amma matar da ta ce maka, "Malam, kai ka san abin nan, nawa ya dace?" ta daina ciniki da kai, ta ba ka amana. Daga wannan lokaci shirunka ya zama amsa, kuma amsar ƙarya ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna cutar da mai ciniki da ya sallama wa abokin cinikinsa don bai san farashi ba. Haka kuma an hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji yadda ake sayarwa. Dalilin a fili yake: yardar da aka gina kan jahilcin da kai ka gani, kuma kana iya kawar da shi da jimla ɗaya, yarda ce gurguwa.

A aikinmu na rediyo mun san wannan. Ana iya karanta labari babu kalmar ƙarya ko ɗaya, amma a tsallake abin da zai sa mai sauraro ya fahimta. Ba ma kiran hakan gaskiya.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mai sha'awa. Makaniken Suame Magazine a Kumasi da ke neman tsohon inji don ya ciyar da iyali yana iya cewa talauci ya matsa masa, ko da yake wannan ba ya wanke shi. Wanda nishaɗi ya kai shi ba shi da ko wannan uzuri. Mutumin da ba zai yafe kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na inci a jikin ƙarfe ba, bai dace ya yafe wa kansa tauye mudu a ciniki ba.

Ba na cewa ya biya fiye da ƙima, ko ya ɓoye aibin da ya gani don kunya. Ya faɗi sunan injin, ya faɗi cewa akwatin nan yana da daraja, ya nuna inda gado ya ci, sannan ya yi tayinsa. Mai kaya yana iya sallamawa da rahusa don a rage masa wahala, kuma wannan rahusa halal ce, domin da saninsa ya bayar. Yana iya kuma fasawa ya nemi wani mai saye. Wannan ita ce asarar da mai gaskiya zai iya yi, kuma ban ga hanyar kauce mata ba.