In Waya Ta Narke, Ƙaddara Ce?

Sana'ata haɗa wutar lantarki a gidaje da shaguna, kuma tambayar da ke ci mini rai ita ce: in waya ta narke shago ya ƙone, ƙaddara ce ko ganganci?

Lissafin a fili yake. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 yana jan kusan amfiya 4.3, domin wat ake rabawa da bolt. Raba bolt ɗin da amfiyar, sai turjiyarsa ta fito, kusan om 53, bisa ƙa'idar da Georg Ohm na Jamus ya wallafa a 1827. Haɗarin yana cikin wayar: in amfiya ta ninku biyu, sai zafin da wayar ke fitarwa ya ninku huɗu.

Imam Gazali ya yi bayani cewa wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙunar idan sun haɗu, bisa al'adar da Ya gudanar. Na yarda da haka har zuciyata. Sai dai al'adar nan daidaitacciya ce, har mita tana auna ta. Wanda ya jona firiza da hita da dutsen guga a siririyar waya guda, bayan an faɗa masa, ya san abin da al'adar Ubangiji za ta haifar. Ƙaddara ba ta ɗauke masa alhakin maƙwabcin da kayansa suka ƙone.

Shi ya sa in maigida ya nace in sa siririyar waya mai lamba 1.5 inda mai kauri mai lamba 2.5 ta dace, nakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a nemi wani."