Abin Da Ka Rataya A Ƙofar Gidanka

 Ko ka riga ka ba da gaskiya, ko kuwa har yanzu kana cikin bincike, wannan 'yar takarda dominka ce. Za mu yi magana a kan wata al'ada ta mutanen Amurka, gama hotunanta suna shigowa cikin wayoyin hannu, yara suna gani suna tambaya. Waɗansu 'yan'uwa kuma karatu ko neman abinci ya kai su can, sun iske maƙwabtansu suna yin ta. Ya kamata mai bi ya san abin da zai amsa.

Daren Halowin

Kowace shekara, daren 31 ga watan Oktoba, mutanen Amurka su kan yi wani biki da su ke kira Halowin. Gidajensu da yawa suna da baranda a gaba. Tun da sauran makonni su kan rataya abubuwan ban tsoro a rufin barandar: fatalwa ta farin ƙyalle, da jemagu na takarda, da saƙar gizo-gizo ta auduga. In dare ya yi, sai ka ga fatalwar tana haske kore-kore, tana lilo cikin iska kamar ba abin da ya ke riƙe da ita. A bakin ƙofa kuma su kan fafe kabewa, su yanka mata idanu da haƙora, su sa fitila a ciki. Yara kuwa su sa kayan dodanni su bi gida gida ana ba su alewa, kusan kamar yadda yara su ke yin tashe a ƙasar Hausa da azumi.

Asalin abin daga Ayaland da Sikotland ne. Mutanen dā na ƙasashen nan suna da bikin ƙarshen kaka, suna tsammani a wannan dare iskoki da matattu su kan kusato masu rai, saboda haka su kan hura manyan wuta. Bayan bishara ta kai wurinsu, ikilisiyar Turai ta keɓe ranar 1 ga Nuwamba domin tunawa da dukan tsarkaka, tun cikin ƙarni na 8 da na 9. Ma'anar sunan Halowin ke nan, wato jajiberen ranar tsarkaka. Daga 1845 cuta ta kama dankali a Ayaland, aka yi babbar yunwa, fiye da mutum miliyan 1 suka bar ƙasar. Da yawa cikinsu suka ƙetare teku zuwa Amurka, suka tafi da al'adunsu. Yau yawancin masu yin bikin wasa su ke ɗaukarsa, 'yan kasuwa kuma suna cin riba ƙwarai.

Yadda A Ke Yin Fatalwar

Bari mu bayyana maka yadda a ke yin ta, domin ka san iyakar abin. Mutum ya kan sami farin ƙyallen auduga mai shara-shara, irin wanda a ke tace koko da shi. Ya hura balan-balan ya ɗora a bakin kwalba, wannan shi ne kai. Ya lanƙwasa waya ta fito hagu da dama, waɗannan su ne hannuwa. Sa'an nan ya tsoma ƙyallen cikin sitaci, ya matse, ya yafa a bisa balan-balan ɗin, ya bar shi ya kwana. Da ya bushe sai ya sandare. Ya fasa balan-balan, ya zare kwalba, ƙyallen ya tsaya da kansa kamar mutum a lulluɓe. Ya manna masa baƙaƙen idanu, ya ɗaure shi da zaren fatsa, wanda ba a ganinsa da dare, ya rataya a rufin baranda.

Hasken kuwa ta hanya uku a ke samunsa. Waɗansu su kan ɓoye ƙananan ƙwayayen lantarki masu batir a cikin ƙyallen, gama kyandir kusa da auduga gobara ce. Waɗansu su kan kunna wata fitila mai shuɗi-shuɗi wadda ta kan sa farin tufafi ya yi ƙyalli cikin duhu. Waɗansu kuma su kan shafa wani fenti mai garin ma'adini a ciki, wanda ya kan sha haske ya riƙe, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan bayan an kashe fitila. Irin na dā ya kan dushe da wuri. A 1993 aka samo wani sabon iri a ƙasar Japan, wanda ya kan kai sa'o'i da yawa. Duk da haka shi ma ya kan dushe, in ba a sake kai shi ga haske ba.

Kada Ka Ji Tsoro

To, ka ji dukan asirinta: ƙyalle ne, da sitaci, da zare, da fenti. Annabi Ishaya, cikin sura 44, ya ba da labarin masassaƙi wanda ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa namansa, ya sassaƙa gunki da sauran rabin, sa'an nan ya faɗi gabansa yana roƙo. Abin da hannun mutum ya yi da safe ba shi da iko a kan ran mutum da dare.

Amma watakila za ka ce, na san ƙyalle ne, abin da ya ke kwatantawa shi na ke tsoro. Ka yi gaskiya da ka faɗi haka, gama ko almajirai ma sun ji wannan tsoro. Matiyu ya rubuta cikin sura 14 yadda suka ga Yesu yana tafiya a bisa ruwa da dare, suka yi tsammani fatalwa ce, suka yi kururuwa. Ubangiji bai bar su cikin firgita ba, nan da nan ya yi musu magana, suka gane muryarsa. Bayan tashinsa daga matattu kuma, Luka ya ce sun sake yin wannan zato, sai ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya ci gasasshen kifi a gabansu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 2, ta koya mana dalilin mutuwarsa: domin ya karya ikon Iblis, ya kuma 'yantar da mutanen da tsoron mutuwa ya bautar da su dukan kwanakinsu. Idan kai nasa ne, an riga an fanshe ka daga wannan bauta.

Ka duba naka gida kuma. Wanda ya hura wuta a Ayaland domin tsoron iskoki, da wanda ya soke laya a bisa ƙofar ɗakinsa, tsoro ɗaya ne ya sa su. Idan har yanzu akwai laya a bisa ƙofarka, ko a wuyan ɗanka, ka cire ta. Wanda ya dogara ga Kristi ba ya bukatar mai tsaro na biyu.

Kada Ka Zama Abin Tuntuɓe

Tun da ya ke ƙyalle ne kawai, ashe mai bi yana da izini ya rataya shi? Manzo Bulus ya gamu da irin wannan tambaya a Korinti, game da naman da aka yanka wa gumaka. Ya yarda gunki ba kome ba ne. Amma ya ce ba kowa ya ke da wannan sani ba, akwai ɗan'uwa wanda bai daɗe da fita daga bautar gumaka ba, zuciyarsa tana da rauni. Saboda wannan ɗan'uwa Bulus ya ce shi a shirye ya ke ya bar cin nama har abada.

Hausawa su kan ce, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Cikin ikilisiya akwai waɗanda suka fito daga bori, akwai waɗanda boka ya cinye dukiyarsu, akwai gwauruwar da ta binne mijinta bara. Idan suka zo gaishe ka suka iske kamannin matacce yana lilo a ƙofarka, me za su ɗauka? Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar gida kuwa ƙofarsa ce.

Akwai kuma iyaka wadda ba a ƙetarewa ko da wasa. A daren nan waɗansu su kan taru su yi kiran matattu, ko su yi duba da wani allo mai haruffa, suna cewa nishaɗi ne. Allah ya hana wannan sarai cikin Kubawar Shari'a, sura 18. Ka tuna da sarki Saul, wanda ya ɓad da kama ya tafi wurin mai kiran matattu a Endor da dare, ya fito daga can ba shi da sauran ƙarfi, ya kuwa mutu a bakin daga. Ko wane ne ya gayyace ka zuwa irin wannan taro, ka ƙi.

Kada Ka Yi Saurin Hukunci

Masu bi na Amurka ba su zama baki ɗaya a kan bikin nan ba. Waɗansu ba su taɓa shi ko kaɗan. Waɗansu ikilisiyoyi su kan shirya wa yara taron godiyar kaka a maimakonsa. Waɗansu su kan tuna da Martin Luta, gama ranar 31 ga Oktoba 1517 ce ya fito da batutuwansa 95 a kan sayar da takardun gafara. Waɗansu kuwa su kan kunna fitilar ƙofa, su ba yara alewa da fara'a, suna cewa babu wani dare cikin shekara da maƙwabta su ke zuwa ƙofarsu da kansu kamar wannan. Wasiƙa zuwa ga Romawa, sura 14, ta gargaɗe mu kada mu rena juna ko mu hukunta juna a kan kiyaye ranaku. Ka tsai da shawararka a gaban Allah, ka bar ɗan'uwanka ga Ubangijinsa.

Abin Da Ya Dace Da Ƙofarka

Aikin hannu ba zunubi ba ne, ado kuma ba zunubi ba ne. Idan 'ya'yanka suna marmarin abin da zai yi haske a rufi, ka zauna tare da su. Wayar nan da ƙyallen nan da fentin nan za su yi tauraro, ko gajimare, ko fitila mai kyau wadda za ta haskaka wa baƙo matakala. Sa'ad da ku ke aiki, ka gaya musu dalilin da ya sa gidanku ya zaɓi haka, da taushin murya, ba tare da zagin maƙwabta ba.

Ka nuna musu halin fentin kuma. Ku ɓoye tauraro ɗaya cikin akwati yini guda, ku bar ɗaya a rana. Da dare na akwati zai zauna baƙi, na rana zai haskaka. Haka mai bi ya ke. Fuskar Musa ta yi annuri domin ya daɗe a gaban Allah a bisa dutse, annurin kuwa ba nasa ba ne. Kai ma idan ka bar addu'a, ka bar karatun Littafi Mai Tsarki, ka daina zuwa sujada tare da 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za ka dushe, tsofaffin tsoro kuma su komo. Saboda haka kowace safiya ka zo gaban Ubangiji kafin ka fita ƙofa.

In kuwa ba ka karɓe shi ba tukuna, kana kwana da fargaban iskoki da na kabari, yau ma yana kiranka. Ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya:

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka mutu ka tashi, ka gafarta zunubaina, ka fid da ni daga tsoro. Ka tsare gidana da ikonka kaɗai. Ka sa duk wanda ya zo ƙofata ya sami salama, kada in zama sanadin faɗuwar kowa. Amin.