Dariyar Tsohon Soja: Ƙarya Ce Ko Gaskiya?

Duk wanda ya taɓa zama da tsohon soja ya san abu guda: da wuya ya fara hira da labarin gawa. Abin dariya yake fara kawowa. Shin daidai ne mutum ya mai da yaƙi abin raha, alhali abokansa suna kwance a ƙasar da ba tasu ba?

Mutanen Zongon Lome ba baƙin wannan tambaya ba ne. A watan Agusta na 1914 sojojin Ingila daga Gwalkwas da na Faransa daga Dahome suka shiga Togo, Jamusawa kuma suka miƙa wuya a Kamina ranar 26 ga wata. Akwai masu jin Hausa a ɓangarorin biyu. Bayan shekara talatin, dubban 'yan Nijeriya da Gwalkwas suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Zongo kuwa masaukin baƙi ne, ga Aflao a bakin iyaka, don haka labarin Bama bai sha wuyar isowa ba.

To, me suka fi ba da labari? Tafiyar makonni a jirgin ruwa har Bombai, da amai da jiri. Buhunan abinci da jirgin sama ke jefowa a kwarin Kaladan a 1944, kowa yana gudu kada tuwonsa ya kashe shi. Matsattsaku da ke shiga cikin takalmi. Jita-jitar da aka baza cewa baƙaƙen sojoji suna cin mutane, su kuwa suna dariyar masu tsoronsu.

Wani zai ce wannan yaudara ce, tana sa yaro ya ɗauka bindiga abin wasa ce. Maganarsa tana da nauyi. Amma mu duba, ya mai karatu. Tsohon bai ƙirƙiro kome ba. Buhun ya faɗo, an kuma yi dariyar. Wanda ya yi dariya da ɗan'uwansa cikin rami ya nuna yaƙi bai cinye mutuntakarsa ba. In ya ambaci abokinsa da barkwancinsa, ya tuna da shi a raye, wannan kuwa girmamawa ce. Sauran kayan sun fi ƙarfin harshe, shi ya sa yake ɗaukar abin da wuyansa zai iya.

Saboda haka nauyin yana kan mai saurare. Kada mu tilasta wa tsoho ya tone mikinsa don mu ji daɗin hira. Kada kuma mu ɗauki rabin labari a kan dukansa. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, a Ankara ta Gana, aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tsofaffin sojoji da suka fito neman haƙƙinsu. Wannan ma yana cikin labarin.

Yawancin mutanen Bama sun riga mu gidan gaskiya, labaransu suna bakin jikoki. Idan za mu ba 'ya'yanmu labarin buhun da ya faɗo daga sama, mu gaya musu kuma cewa waɗansu da suka yi dariyar ran nan ba su komo gida ba.