Idan Tafinta Ya Yi Kuskure, Laifin Wa Ne?

Wata bakwai ke nan ina koyon Suwahili a waya, kuma har yau abokaina na yi mini dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce da ni: "Kai, mutumin Gaya, ina kai ina Tanzaniya? In ma ka je, ai wayarka za ta fassara maka komai." Na rasa amsar da zan ba shi a lokacin. Sai daga baya wani abu ya same ni.

Akwai wani ɗalibi a Dar es Salam da muke musaya, ni in koya masa Faransanci, shi ya koya mini harshensu. Ran nan ya rubuto cewa zai kira ni "saa tatu usiku" da agogon Nijar, don mu yi bitar jarrabawar da zai zauna washegari. Ganda ta hana ni tambaya, na zuba maganar cikin manhajar fassara, ta ce mini ƙarfe uku na dare. Na yi mamaki, amma na sa ƙararrawa na kashe waya na kwanta da wuri. Ashe Suwahilawa daga ƙarfe shida suke fara ƙirga sa'o'i, don haka "sa'a uku" ta dare ita ce ƙarfe taranmu. Bawan Allah ya yi ta kira ina barci.

To, wa ya saɓa alkawari? Manhajar ba ta yi ƙarya ba, kalma da kalma ta ba ni: tatu uku ce. Shi ma ya faɗi abin da kowane yaro a garinsu zai gane. Ni ne na ce "to" a kan maganar da ban fahimta ba.

Mu ƴan Gaya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A kasuwarmu in mai tumatir ta ce maka "dala ashirin", sefa 100 take nufi. In ta ce "ɗari", 500 ce. Ka ba na'ura wannan ka gani, tana iya mayar da tumatir ɗin ya koma kuɗin Amurka. Wanda ya taso tsakanin Gaya, Malanbil da Kamba, yana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci da Yarbanci a rana ɗaya, ya san cewa rabin magana ba a cikin kalmomi take ba.

Kakanninmu sun san sharrin tafinta tun zamanin Nasara. Amadu Hampate Ba ya rubuta littafi sukutum a 1973 a kan Wangrin, tafintan da ya tsaya tsakanin kwamandan Faransa da talakawa yana juya kowa yadda ya ga dama. Amma shi tafinta ɗan Adam yana da suna, yana da gida, ana iya zuwa a tsare shi a ce ya ci amana. Wayar fa? In ta karkatar da maganar likita a kan yawan ƙwayar da tsohuwa za ta sha, ko sharaɗin da ke cikin takardar ciniki, babu wanda za ka kama. Nauyin yana komawa kan wanda ya danna, ya karanta, ya gyaɗa kai. Ni a ganina duk wanda ya aika magana ta bakin da ba ya iya bincikawa, alhakin abin da ya isa can yana wuyansa.

Ba ina cewa a jefar da manhajar ba ne, wallahi kullum ina amfani da ita. Kuma ba mai iya koyon harsunan duniya duka. Abin da nake cewa shi ne, harshen da ka san za ka ƙulla alkawari a cikinsa, ka koye shi ko da gwargwadon da za ka iya kama tafintanka in ya kauce.

Suwahilin ma bai yi mana nisan da ake zato ba. Su ce habari, mu ce labari. Su ce kitabu, mu ce littafi. Dunia, asubuhi, kalamu, duk Bahaushe zai shaida su, don rijiyar Larabci ɗaya muka sha. Tun 2022 Tarayyar Afirka ta sa shi cikin harsunan aikinta, UNESCO kuma ta ware masa ranar 7 ga Yuli. Mu ma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin kunya ne a ce manyan harsunan Afirka biyu ba sa gaisawa sai baƙo ya tsaya a tsakani.

Sai dai abokin nan nawa ya sake soka mini wata da ta fi ta farko zafi. Ya ce shekara ashirin ina zaune da Dandawa katanga ɗaya, amma in tsohuwar maƙwabciyarmu ta yi mini magana sai na kira jikanta ya fassara. Gaskiya ya faɗa. Jikan nan ɗan shekara tara ne, kuma ban taɓa tambayar kaina ko duk abin da ta ce yake gaya mini ba. Jiya da yamma na ɗauki littafin da nake rubuta kalmomin Suwahili, na juya shi ta baya, na je na zauna a ƙofar ɗakinta.